Ina Kwance, Hamisu Yana Tsaye

Likitan da ya sallame ni ya ce in riƙa gaya wa duk ma'aikacin ofis da na haɗu da shi abin da ya same ni. Na ce to, amma na fi shekara ban buɗe baki ba, domin labarin ba ya faɗuwa daidai sai na haɗa da wani hali nawa da ba na son a sani. Yanzu da ƙafar ta lafa, zuciyar ma ta ɗan sauka, ga shi yadda ya faru. Wanda ya ga kansa a ciki, ya gyara tun da sauran dama.

Sunana Lawal. Shekara ashirin da biyu ina aiki a sashen kula da fayilolin ma'aikata a wani ofishin gwamnati a Ƙanƙara. A Mabai aka haife ni. Mu biyu ne maza a ɗakinmu, Baba ya riƙe Yaya Idi a gona, ni ya tura ni boko. Tun daga nan na ɗauki kujera a matsayin shaidar cewa na tsira daga fartanya. In na shiga ofis ƙarfe takwas, ba abin da ke ɗaga ni sai kiran sallar azahar. Fayil masinja ke kawowa. Abinci a kan tebur nake ci. Ruwa yana cikin gora a gefen ƙafata. Har ina cewa, babba a zaune ake iske shi.

Shekara uku kafin ciwon aka yi wa wani canjin wurin aiki daga Faskari zuwa sashenmu, aka ajiye masa tebur daura da nawa. Malam Hamisu ke nan. Na girme shi da shekara goma. Siriri ne, mai fara'a, kuma ba ya zama. Duk bayan ɗan lokaci sai ka ga ya miƙe. In waya ta shigo, a tsaye zai amsa. In fayil zai je ofishin kuɗi, shi zai ɗauka ya kai da kansa, masinja yana zaune yana kallo. Har kwali ya samo ya ɗora a kan durowa, yana aza kwamfutarsa yana bugawa a tsaye kamar mai yankan nama.

Ranar farko na ce masa, “Malam Hamisu, halan ƙaya ke kujerar nan taka?”

Ya yi dariya ya ce, “Babu ƙaya, Malam Lawal. Jiki ne ba ya son zama.”

Daga nan na laƙaba masa Mai Ƙaya, sunan kuwa ya bi shi. Abin da ban hango ba shi ne, wannan yawon nasa ya sa cikin wata shida ya san kowa a ginin, kowa ya san shi. Ni da na yi shekara ashirin, wasu sai su tsaya a ƙofa su ce, “Malam Hamisu yana nan?” ina zaune ina kallonsu. Shugaban sashenmu, in zai nemi wani abu, sunansa ke fara zuwa bakinsa. Ban taɓa kama shi da mugun nufi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ma mugu ne, da na samu abin riƙewa.

Sai ga aikin tantance ma'aikata ya zo, mako uku aka ba mu. A daidai lokacin ake raɗe-raɗin za a naɗa mataimakin shugaban sashe, kuma kowa ya san tsakanin ni da shi ne. Na ƙudurta sai na nuna musu bambancin mai aiki da mai yawo. Ina shiga ƙarfe bakwai, ba na fita sai an kusa magariba. Na rage shan ruwa don kada fitsari ya tayar da ni. In Hamisu ya miƙe ya fita, sai in ji daɗi, in ce a raina, tafi, kafin ka dawo na gama fayil biyu. Da aka kammala, ni na nace zan kai takardun Katsina. Mu huɗu a kujerar baya, kwalin fayiloli a kan cinyata, ƙafar hagu a maƙale ƙarƙashin kujerar direba. Ranar muka juyo, don direban ya ce ba zai bari rana ta yi sanyi muna hanya ba.

Bayan kwana biyu na tashi da ciwo a sha-raɓar hagu, kamar an ɗaure ta da igiya. Na ce gajiya ce. Na biya kemis aka ba ni maganin ciwon jiki, na ci gaba da zuwa aiki ina ɗingishi, ina ɓoyewa in Hamisu yana kallo. Makon farko haka ya wuce.

A mako na biyu ƙafar ta kumbura har wando yana kama ta. In ka taɓa, zafi kamar ƙwaryar da aka bari a rana, ga ta dama lafiya lau. Na daina fita. Maiɗakina Saratu ta ce mu je asibiti, na ce sai an ga yadda ta kwana. Masu dubiya suka fara zuwa, kowa da nasa magani. Yaya Idi ya zo daga Mabai a kan babur, ya duba ya ce, “Mataccen jini ne wanga. A kira wanzami shi yi maka ƙaho, kwana biyu ka miƙe.” Wani maƙwabci ya ce sanyi ne, a dafa ganye a yi gashi. Sai Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifin Saratu, ta zo daga Sabuwa. Ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta ce, “Malam, akwai wanda kuke neman abu guda da shi a wurin aiki?”

Saratu ta ce, “Gwaggo, don Allah bar wannan magana.”

“Ni dai tambaya na yi. Ƙafa guda, ba faɗuwa ba, ba sara ba? Mutum ake kiwo, ba dabba ba.”

Ina da ilimin da zan watsar da maganar nan. Ban watsar ba. Na rungume ta, domin ta yi daidai da abin da zuciyata ke so. Gwaggo ta bar mana man kaɗanya da wani gari, ta ce a riƙa murzawa da ƙarfi safe da yamma. Saratu ta yi ta murzawa, ina cije baki.

Ranar Talata da la'asar sai ga Hamisu da ledar lemo. Da ya ga ƙafar, fara'ar fuskarsa ta ɗauke. Ya ce, “Malam Lawal, ƙafa guda ce ta kumbura haka? Don Allah a daina murza ta. Ku tashi mu tafi asibiti yanzu, ga mota a waje.”

Na ce, “Ashe har likitanci ka iya? Na ɗauka yawo kaɗai ka karanta.”

Ya haɗiye maganar, ya juya wurin Saratu ya ce, “Hajiya, ga lambata. In kun ga numfashinsa ya canza, kada ku jira komai.”

Da wani ne ya faɗi haka, da na bi shi a ranar. Amma shi ne ya faɗa, don haka na ƙara kwana biyu a gida. Lemon ma ban sha ba, na sa aka ba yaran maƙwabta. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin.

Ranar Alhamis da hantsi na durƙusa zan yi alwala, sai na ji kamar an soka mini tsinke a ƙirji ta dama. Na ja numfashi, ya ƙi isa. Zuciyata tana bugawa kamar ana daka. Saratu ba ta nemi izinina ba, ta kira Hamisu. Kafin in gama cewa a'a, ya iso. Shi da wani maƙwabci suka ɗauke ni kamar buhu suka sa a mota.

A asibitin garinmu mun iske layi har waje, mata da yara masu zazzaɓi a zazzaune a ƙasa, ga damina. Hamisu ya bar ni a benci ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, har ya samo wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta dube ni a inda nake. Ita ta shigar da ni gaban layi, Allah ya saka mata. Likita ya auna ƙafafun biyu da awon tela, ya saurari ƙirjina, ya yi mini wata allura, ya ce abin da yake zato sai an yi hoton jijiya, su kuma ba su da na'urar. Ya rubuta takarda ya ce mu kama hanyar Katsina tun rana tana sama. Ina kwance a kujerar baya, kaina a cinyar Saratu, ina kallon ƙeyar Hamisu yana tuƙi. Ko a wannan hali, abin da ke raina shi ne, gobe duk ofis za a ji cewa shi ya cece ni.

A Katsina sai da muka bi layin kati, muka bi layin biya, muka bi layin hoto. Wanda ba shi da mai tsaya masa a irin wurin nan, sai dai Allah. An kwantar da ni kafin magariba da robar iska a hanci. Washegari babban likita ya zo da ɗalibansa, ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafata, wani guntu ya ɓalle ya tafi huhu. Ya tambaya ko an murza. Saratu ta sunkuyar da kai. Bai yi mata faɗa ba, ya ce yawancin mutane haka suke yi da kyakkyawar niyya, amma daga yau ba murza, ba ƙaho, ba tsaga, domin maganin da za a ba ni yana tsinka jini, ƙaramin yanka zai iya zama babba. Sannan ya tambayi aikina. Na ba shi labarin mako ukun nan da tafiyar mota. Ya kama sha-raɓarsa da hannu ya ce wata magana da har yau ban manta ba: “Malam, wannan naman famfo ne. Taku ke kunna shi. In ka zauna ka kashe famfo, jini ya kwanta a ƙasa kamar ruwan kwata.” Ya ce ba zama kaɗai ba ne, akwai ƙiba, akwai ƙin shan ruwa, akwai abin da mutum ba ya da iko a kai. Amma a cikinsu duka, zaman ne ke hannuna.

Kwana tara na yi a gadon nan, ana yi mini allura a fatar ciki safe da yamma. Ɗakin maza ne, don haka Saratu ta koma wurin yara, Yaya Idi ya bar gonarsa a tsakiyar noman farko ya zo jinya. Daga baya na ji masarar da ya ajiye don sayen taki ita ya sayar aka sayi allurar. Bai taɓa faɗa mini ba.

A nan hassadata ta samu sabon wurin zama. Yaya Idi ya haura sittin. Ina kwance ina kallonsa yana durƙusawa ya wanke kwano, ya miƙe tsaf ba ya dafa komai. Yana hawa bene da bokitin ruwa yana gaisawa da mutane, numfashinsa ko gezau. Ni kuwa zuwa banɗaki sai ya riƙe ni. Wata rana yana yanka mini kankana na ce, “Yaya, ashe kai Baba ya zaɓa wa rabo mai kyau.”

Ya ɗago ya dube ni. “Mi ka ce?”

“Ga ka nan garau. Ni da aka kai boko ga inda na ƙare.”

Ya ce, “Kai dai Lawal ba ka iya ganin abu hannun wani ba. Muna yara, in anka raba muna rake, naka na hannunka kana kallon nawa. Ci kankana.”

Na ci, amma ba ta yi mini zaƙi ba.

A kwana na shida wani abokin aiki ya kira ni yana yi mini sannu. Yana cikin magana ya ce, “Ai ka ji an ba Mai Ƙaya mataimaki? Takarda ta fito jiya.” Na ce madalla, Allah ya taya shi riƙo. Na kashe wayar na juya fuska bango. Na yi mako uku ina kashe kaina a kujera don wannan muƙami, ga shi an ba wanda ya yi mako ukun yana zagaye. Da ma'aikaciyar jinya ta zo awo da yamma ta ce jinina ya hau, ko akwai abin da ke damuna. Na ce zafin ɗakin ne.

Ranar Asabar Hamisu ya zo da kansa tun daga Ƙanƙara. Ya tsaya a gefen gado, ba ya ko jingina. Ya ce duk fayilolina suna nan, ya ajiye su yadda na bar su, ba wanda zai taɓa teburina. Bai ambaci muƙamin ba, ni ma ban yi masa murna ba. Ina kallon takalminsa, ƙafafu biyu daidai wa daida, ba wadda ta fi wata. Bayan ya tafi Yaya Idi ya ce, “Wanga yaro ɗan halak ne.” Na ce barci nake ji.

Kafin a sallame ni aka tura ni wurin wata ma'aikaciya a sashen gashin ƙashi. Na zaci za ta ce in fara gudu ko in sayi keken motsa jiki. Sai ta ce in ba ta labarin ranar aikina daga shiga har fita. Da na gama ta ce, “Ba na son ka yi mini alkawarin babban abu, duk wanda ya yi ba ya cikawa. Me kake yi sau da yawa a rana ba tare da ka yi tunani ba?”

Na ce amsa waya, da shan ruwa, da kiran masinja.

Ta ce, “To ɗaura tashi a jikin waɗannan ukun. Waya ta yi ƙara, miƙe. Ruwa kuma ka raba shi da teburinka. Fayil ɗaya cikin uku ka kai da ƙafarka. Kada rabin awa ta wuce ba ka taka ba, ko da zuwa ƙofa ne. Kuma ka samu wani a ofis ku riƙa tuna wa juna, don mutum shi kaɗai yana gajiya. Akwai wanda zai yarda?”

Na ce babu. Ina faɗa ina ganin fuskar Hamisu a raina.

Mako shida na yi a gida. Ƙwaya kullum a kan lokaci, doguwar safa mai matsewa har gwiwa, komawa Katsina awon jini. Safar nan a lokacin zafi azaba ce, kuma ba a samunta a garinmu. Gwaggo Hansai ta sake zuwa, ta ce ai ga shi nan, wanda ake zargi shi ya samu kujerar. Wannan karon Saratu ce ta ce mata, “Gwaggo, wanda kike nufi shi ya kai shi asibiti da man motarsa. Mu da muka murza mu muka kusa kashe shi.” Gwaggo ta yi fushi ta koma Sabuwa ba ta kwana ba. Na ji tausayinta, don ita ma so ne ya kawo ta.

Da na koma aiki, na sa ƙararrawa a waya duk rabin awa. Kwana uku na bi ta. A na huɗu na fara kashewa ina cewa bari in gama wannan shafin. Kafin mako biyu na cire ta gaba ɗaya. Ba mantuwa ce kawai ba. Duk lokacin da na miƙe, sai in ga kamar kowa yana cewa, ga mai yi wa Mai Ƙaya dariya ya zama almajirinsa. Na gwammace ƙafar ta yi nauyi da a ce ina kwaikwayon Hamisu. Da yamma in na cire safa, idon sawun ya yi suntum, Saratu ta kalla ta kalle ni.

Wata Litinin na shigo na iske an canza ɗakin. An fitar da na'urar buga takardu zuwa baranda. An ajiye babbar kular ruwa a ƙarshen barandar da ƙananan kofuna, waɗanda ba sa kashe ƙishi sai ka dawo. A bango an manna takarda da sunayenmu mu bakwai, kowa da layinsa. Hamisu, a matsayinsa na mataimaki, ya tara mu ya ce ya roƙi shugaban sashe, ya kuma amince, daga yau wanda aka gani a tsaye ko yana taku a baranda ba gudun aiki yake ba. Duk wanda ya tashi ya taka, ya ja ɗan layi a gaban sunansa. Ba tilas, ba kyauta, ba tara. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, bai ambaci ciwona ba. Na san don ni aka yi, ya kuma yi shi yadda ba zan zama ni kaɗai a tsaye ba. Maimakon godiya, abin da na ji shi ne: ji yadda abu ke yi masa sauƙi.

Mutum biyu ba su taɓa jan layi ba har yau. Ɗaya ya ce shi ba ɗan firamare ba ne. Sauran suka ɗauke shi wasa, ana tsokanar juna. Ni kuwa ranar Juma'a na tsaya gaban takardar na ga layukan Hamisu sun ninka nawa. Litinin ta gaba na bar gorata a gida. Waya na ƙara, na miƙe. Fayil na ofishin kuɗi na ɗauka da kaina, masinja yana cewa, “Ranka ya daɗe, kawo mana,” na ce bar shi. Ba don famfon likita nake yi ba, ba don Saratu ba. Don in wuce Hamisu nake yi. Abin da tsoron mutuwa ya kasa sa ni, kyashi ya sa ni.

Kuma ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Bayan wata biyu kumburin yamma ya ragu. Ciwon bayan da na saba da shi har na ɗauka na tsufa ne, ya yi sauƙi. Na san sunayen mutanen da muka yi shekaru a gini ɗaya ba mu taɓa gaisawa ba. A wata na shida aka sake hoto, likita ya tsayar da ƙwayar, ya ce safar dai in ci gaba da ita, don jijiyar ba za ta koma kamar da ba. Har yau in na yi doguwar tafiya a mota sai na roƙi direba ya tsaya in taka, fasinjoji suna tsaki. Amma duk wata in aka sauya takardar bango, Hamisu ne a gaba, ni na biyu.

Sai bayan kaka, wani wata, na wuce shi. Ya ɗauki hutun mako guda ya tafi gida Faskari, mako ya zama biyu, ya shiga na uku. Na tsaya gaban takardar ina kallon layina ya zarce nasa, na ji wani daɗi har cikin ƙashi. Ina tsaye a wurin shugaban sashe ya leƙo ya ce, “Malam Lawal, ka je ka duba mutumin naka kuwa? An ce jikin ya yi tsanani, sai da aka kwantar da shi.”

Ranar Asabar da sassafe na shiga motar Faskari. Na iske an sallamo shi, yana kwance a kan katifa a ɗakin zaure, ya rame har idanunsa sun faɗa. A gefensa akwai ƙaramar na'urar awon suga da kwalin allura. Na tsaya ina kallonsu.

Ya ce, “Ciwon suga ne, zazzaɓi ya tayar da shi. Shekara tara ke nan ina fama. Shi ya ɗauki mahaifinmu, bayan an yanke masa ƙafa.”

Na ce, “Ba ka taɓa faɗa ba.”

“Wa zai ba mai ciwo aiki mai nauyi? Na yi shiru na bi abin da likita ya ce. Kuna ganin ina tashi kamar don nishaɗi. Wallahi Malam Lawal, wata rana ƙafafun nan kamar ba nawa ba, ina kallonku kuna zaune hankali kwance, kuna cin abin da kuke so, ina cewa ina ma ni ne. Tsoro ke tayar da ni.”

Na rasa inda zan sa idona. Na yi shekara huɗu ina kyashin lafiyar mutumin da ba shi da ita. Ɗansa ya kawo ruwa ya fita. Na juya kofin a hannuna, na juya, sannan na ce, “Malam Hamisu, akwai abin da na zo da shi ban san na zo da shi ba. Na yi maka hassada tun ranar da ka zo. Har na yarda da aka ce kai ka sa mini hannu a ƙafa. Ranar nan da na wuce ka a takarda, murna na yi. Ka yafe mini.”

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, marar ƙarfi, har da tari.

Ya ce, “Malam Lawal, ai na sani. Duk ofis an sani. Har mai shayin bakin ƙofa ya taɓa ce mini in riƙa addu'a. Ku kaɗai kuka ɗauka a ɓoye take.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, “Kuma ka ɗauke ni a motarka?”

“To in bar ku ku mutu don ba ku so na? Na yafe, duniya da lahira. Amma ku taimaka ku kama ni, tun jiya ban leƙa waje ba, kuma yaran nan tsoron taɓa ni suke.”

Na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka fito ƙofar gida a hankali, shi yana jan ƙafa biyu, ni ina ɗingisa ɗaya, har gindin wata bishiyar dalbejiya, muka juyo. Wani dattijo da ke wucewa a kan keke ya rage gudu ya ce, “Sannunku. To wane ne majinyacin, wane ne mai jinyar?” Muka ci gaba da takawa, ina riƙe da Hamisu.

Hamisu ya dawo aiki bayan wata guda, kuma shi ne mataimaki har yanzu. Ba zan yi ƙaryar cewa na warke sarai ba. In na ji ana yabonsa, wani abu yana ɗan motsawa a ƙirjina, sai in yi istigfari ya kwanta. Ƙafa guda in ta kumbura ta yi zafi, kada a murza, kada a jira, kuma kada a duba bakin wanda ya ba da shawarar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gado da na zuci, ya saka wa waɗanda suka ɗauke mu a lokacin da ba mu cancanci ɗauka ba.